Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mai Raino A Ingila Da Zuwan Sufeto

Mai karatu, bari in fara da yi maka tambaya. A ce yau an bugo maka waya an ce nan da 'yan kwanaki wani jami'in gwamnati zai shigo gidanka, ya zauna a falonka na wajen awa uku, ya leƙa kicin da banɗaki, ya buɗe takardunka, ya yi hira da yaran da ke hannunka, sannan ya koma ofis ya rubuta abin da ya gani ya sa a intanet kowa ya karanta. Me za ka fara yi? Kada ka ba ni amsa, na san ta. Tsintsiya, fenti, sai kuma aron kaya a maƙwabta.

To, irin wannan wayar ce dubban mata, da wasu 'yan tsirarun maza, da ke sana'ar rainon yara a cikin gidajensu a Ingila suke zaman jira. Abin da nake so in faɗa a yau kuwa guda ɗaya ne: duk mai rainon da ta fara shiri a ranar da aka kira ta, ta riga ta makara. Kuma da gangan aka tsara abin haka. Ni a ganina tsarin yana kan daidai, duk da cewa yana da aibin da ba zan ɓoye maka ba.

Za ka iya cewa ina ruwanmu da Ingila? Akwai ruwanmu fa. 'Yan shekarun nan, mutanenmu da yawa sun tafi can, wasu karatu, wasu aikin asibiti, wasu kula da tsofaffi. Cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda yayarsa ko gwaggonsa ke Landan, ko Manchesta, ko Bamingam. Miji na aikin dare, mata na aikin rana, kuɗin gidan raino kuwa sai wanda ya gani. Abu na farko da zai zo wa Bahaushiya a rai shi ne abin da ta saba da shi: in kai wa maman wane ta riƙe mini, in ɗan ba ta wani abu a ƙarshen wata. A wajenmu wannan zumunci ne. A can kuwa, da zarar kuɗi ya shiga, doka ma ta shiga.

Ga yadda dokar take. Duk wanda zai kula da yaron da bai kai shekara 8 ba, a cikin gida, na fiye da awa biyu a rana, kuma ana biyan sa, dole ya yi rajista. An cire dangi na kusa kamar kaka, gwaggo, inna, kawu, baffa, wa ko ya, in dai 'ya'yan danginsu kaɗai suke riƙewa. Hukumar da ke yin rajistar da kuma dubawa ita ce Ofsted, wadda aka kafa a 1992 domin duba makarantu. A 2001 aka karɓe aikin masu raino daga hannun ƙananan hukumomi aka damƙa mata. Dokar kula da yara ta 2006 ce ta kafa tsarin da ake bi yanzu, sannan a 2008 aka fito da kundin ƙa'idojin da ake kira EYFS, wanda ya shafi yara tun daga haihuwa har zuwa shekara biyar. Tun 2014 an kuma ba mai raino zaɓin yin rajista da wani kamfani da aka amince da shi a maimakon hukumar kai tsaye. Wadda ta ƙi yin rajista gaba ɗaya, za a fara ba ta takardar gargaɗi, in ta ci gaba a kai ta kotu. Ɗalibin da ke kan bizar karatu kuma ya sani, ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba, rainon yara a gida kuwa sana'ar kai ce.

Yanzu mu zo kan wayar. Sufeto kan kira mai raino kwanaki kaɗan kafin zuwansa, ba sa wuce biyar, domin ya san ranakun da yara ke hannunta. In kuma wani ya kai ƙorafi mai nauyi, ba ma za a kira ba, sai dai kawai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ka duba kwana biyar ɗin nan da kyau. Sun isa a share gida, a jera kayan wasa, a tattara takardu wuri guda. Amma ba su isa a koya wa yaro ɗan shekara biyu ya saba da wanke hannu kafin cin abinci ba. Ba su isa a sa yarinyar da ke tsoron ki ta zo ta faɗa jikinki in ta yi tuntuɓe ba. Waɗannan kuwa su ne abin da sufeton ya zo gani.

Don haka in ana maganar shiri, kashi biyu ne. Akwai shirin da ake yi da hannu, akwai wanda ake yi da hali. Bari mu fara da na hannun, tunda shi ne mai sauƙi.

Na farko, lissafin yara. Mai raino ɗaya ba za ta riƙe fiye da yara shida 'yan ƙasa da shekara 8 a lokaci guda ba. Cikin shidan nan, ƙanana waɗanda ba su kai munzalin shiga firamare sosai ba kada su wuce uku, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma guda ɗaya tak. Akwai 'yan togaciya, kamar in tagwaye ne ko 'yan gida ɗaya, amma asalin ƙa'idar ke nan. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne, 'ya'yan cikinki ma suna cikin lissafin. In kina da goyo, to a asalin ƙa'ida gurbin jariri ya riga ya cika.

Na biyu, takardu. Satifiket ɗin rajista ya kasance a inda iyaye za su gan shi. Takardar shaidar koyon agajin gaggawa na yara, wadda ake sabuntawa duk bayan shekara uku, kada wa'adinta ya wuce. Inshorar da za ta biya diyya in wani abu ya samu yaro a hannunki tana nan da ranta. Littafin zuwa da tafiya, wanda ake rubuta sa'ar da kowane yaro ya iso da sa'ar da aka ɗauke shi. Littafin haɗari, ko da ƙujewar gwiwa ce. Rubutaccen izinin iyaye kafin a ba yaro kowane irin magani, ko da na zazzaɓi ne da ake saya a kanti, da kuma bayanin lokacin da aka ba shi. Bayanin abincin da kowane yaro ba ya ci saboda borin jini ko addini. Sai kuma taƙaitaccen rahoton ci gaban yaro da ake rubutawa tsakanin shekara biyu zuwa uku a ba iyayensa. Ka lura, babu ko ɗaya cikin waɗannan da za a iya ƙirƙira a daren jajibere ba tare da asiri ya tonu ba. Littafin zuwa da tafiya na wata shida da aka cike da biro ɗaya a zama ɗaya, ai ko makaho ya shafa ya san ƙarya ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, kuma wannan ne ya fi shafar mutanenmu: mutanen gidan. Duk wanda ya kai shekara 16 kuma yake zaune ko aiki a gidan, sai an yi masa binciken tarihin laifi, wanda suke kira DBS. Mijinki, ɗanki da ya gama sakandare, ƙanen miji da ya zo karatu kuka ba shi ɗaki, kowa da kowa. In wani sabo ya tare a gidan, sai an sanar da hukuma. Mu kuwa ka san mu da baƙi. Wane ya sauka zai yi sati biyu, sati biyu ya zama wata takwas. A al'adarmu ba a tambayar baƙo yaushe za ka tafi. A dokar raino ta Ingila kuwa, baƙon da ya zama ɗan gida ba tare da hukuma ta sani ba ya isa ya rusa miki sana'a. Haka kuma in yaro ya yi mummunan rauni ko rashin lafiya mai tsanani a hannunki, ko yara biyu ko fiye suka kamu da ciwon ciki daga abincinki, dole ki sanar da Ofsted cikin kwana 14. Yin shiru laifi ne mai zaman kansa.

Na huɗu, gidan da kansa. Sinadarin wanke-wanke da magunguna a inda hannun yaro ba zai kai ba. Wuƙaƙe a ɓoye. Shinge a bakin matattakalar bene in akwai masu rarrafe. Na'urar jin hayaƙi tana aiki, kuma kin san ta inda za ki fitar da yara in gobara ta tashi. Ruwan sha mai tsabta a kusa da su koyaushe. Fita waje shan iska kullum, sai in yanayi ya yi muni ƙwarai. Yaro mai barci ana leƙa shi a kai a kai. Yaro mai cin abinci kuma ido na kansa, domin shaƙewa ba ta da ƙara, yaron da abinci ya tsaya wa a maƙogwaro ba ya iya ihu. Shi ya sa ake yanka inabi a tsaye gida huɗu kafin a ba ƙaramin yaro.

Na biyar, iyaye. Ƙa'ida ce in an sanar da ke za a zo dubawa, ke ma ki sanar da iyayen yaran, in rahoto ya fito kuma ki ba su kwafi. Sufeto zai so ya ji ta bakinsu, ko da baki ko a rubuce. Uwar da kika yi shekara kina gaya mata gaskiyar abin da ɗanta ya ci da abin da ya ƙi ci, ba sai kin roƙe ta ta yabe ki ba.

To, duk wannan shi ne mai sauƙin. Ga wani abu da ya ba ni mamaki a kundin ƙa'idojin nasu: ba a wajabta wa mai raino ta gida ta rubuta manufofinta a takarda ba, kamar yadda aka wajabta wa manyan gidajen raino. Abin da aka ce shi ne ta iya bayyana su da bakinta ga iyaye da kuma sufeto. Ka gane abin da wannan ke nufi? Wato ba za ki ɓuya a bayan fayil ba. Zai dube ki ya ce, in kika ga tabo a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, me za ki yi? Wa za ki kira? In aka zargi mijinki da taɓa yaro, ina za ki kai maganar? In uba ya zo ɗaukar ɗansa yana warin giya, za ki ba shi? In yaro ya daina zuwa ba bayani, sai ki yi shiru? Waɗannan ba tambayoyin hadda ba ne. Ko dai kin zauna kin yi tunaninsu tun tuni, kin san lambar ofishin kare yara na ƙaramar hukumarki, ko kuma ki tsaya kina kame-kame.

In kana ganin tsanani ya yi yawa, ka tuna da Victoria Climbié. Yarinya ce 'yar shekara 8 daga Kwaddebuwa, iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu riƙonta domin ta samu ilimi a Turai. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000, da tabo 128 a jikinta, a hannun matar da saurayinta. Abin lura a nan shi ne, gidan da ake kai ta raino na cikin waɗanda suka fara ganin raunukan, har 'yar mai rainon ta kai ta asibiti a watan Yulin 1999. Hukumomi ne suka yi sakaci daga baya. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda aka fitar da rahotonsa a 2003, shi ya haifar da dokar yara ta 2004. Darasin a bayyane yake: mai raino ita ce ke cire wa yaro riga, ita ke canza masa kunzugu, ita ke ganin abin da malamin asibiti ba zai gani ba sai an kai masa. In ba ta san abin yi ba, idon nata bai amfana wa kowa komai ba.

Sai kuma ɓangaren koyo. Kundin ya raba abin da yaro ke koya gida bakwai. Uku su ne ginshiƙai: magana da fahimtar harshe, ƙarfin jiki da motsi, da kuma zamantakewa da sarrafa zuciya. Huɗu na biye: karatu da rubutu, lissafi, sanin duniyar da ke kewaye da shi, da fasahar zane da waƙa da wasa. Kada wannan ya sa ka ɗauka ana so a dasa allo a falo a sa 'yan shekara biyu su yi ta rera baƙaƙe. Ko kusa. Sufeto zai nuna yaro ɗaya ya ce ba ni labarin wannan. Yaya yake lokacin da ya fara zuwa? Me ya iya yanzu? Me kike so ya iya nan gaba, kuma me ya sa kika zaɓi wannan wasan domin sa? Mai rainon da ta san yaranta za ta ce, wannan da ya zo ba ya haɗa kalma biyu, shi ya sa kullum in muna shanya nake sa shi ya miƙo mini kaya yana faɗin sunansu. Shi ke nan, ta amsa. Shanya ta zama darasi, ƙirga dankali ya zama lissafi. Tun gyaran da aka yi wa kundin a 2021 ake ta nanata cewa ba a buƙatar tulin takardun bin diddigin yaro. Abin da ke kanki ake nema, ba abin da ke cikin kabad ba.

Akwai abubuwa uku da nake so 'yar'uwarmu da ke can ta riƙe da kyau. Na ɗaya, duka. An haramta wa mai raino ta doki yaro, an kuma haramta mata ko da yi masa barazanar duka. Babu zancen ɗan ranƙwashi, babu murɗe kunne, babu "bari in ɗauko bulala". Ko iyayen yaron ne suka ce sun yarda, yardarsu ba ta halatta shi ba. Wadda ta tashi a gidan da ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ta koyi wata hanyar tanƙwarawa, kuma ba a kwana biyar ake koyon ta ba. In bakinki ya saba da tsawa, a gaban sufeto ma sai ya suɓuce. Ko bai suɓuce ba, yadda yaran ke zabura in kin ɗaga hannu za ki gyara ɗankwali ya isa shaida.

Na biyu, harshe. Wasu na ɗauka in sufeto zai zo sai an hana yara yin Hausa ko Larabci ko Yarbanci. Ba haka ba ne. Kundin da kansa ya ce za a iya ba yaro damar amfani da harshen gidansu a wasa da koyo, tare da tabbatar da cewa yana samun Turanci mai kyau kafin ya shiga makaranta. Don haka waƙar dandali da tatsuniya ba abin ɓoyewa ba ne, abin nunawa ne.

Na uku, abin da suke kira ɗabi'un Birtaniya: dimokuraɗiyya, bin doka, 'yancin mutum, da mutunta masu addini ko ra'ayi daban. Tun dokar yaƙi da ta'addanci ta 2015 aka ɗora wa masu raino nauyin lura da alamun tsattsauran ra'ayi. Musulmi da yawa a can sun soki wannan tsari, suna ganin su aka fi sa wa ido, kuma sukar tasu ba ta rasa tushe ba. Amma a aikace, a ɗakin 'yan shekara uku, abin da ake nufi bai wuce a koya musu jiran layi, da sauraron juna, da sanin cewa wani na bikin Sallah wani na Kirsimeti ba. Ba wanda ya ce ki cire hijabinki ko ki daina salla. Ki dai tanadi amsar wa ke kallon yaran a lokacin da kika kabbara.

Yanzu bari in juyo ga masu cewa duk wannan wahala ce kawai, domin suna da hujja. Adadin masu raino a gida da ke da rajista a Ingila ya ragu da kusan rabi a cikin shekara goma. Dalilan suna da yawa, akwai ƙarancin kuɗin shiga, akwai kaɗaici, akwai masu gidajen haya da ba sa yarda a yi sana'ar a gidansu, amma fargabar sufeto na cikin abin da masu barin aikin ke ambatawa. Ka yi tunani, shugaban makaranta yana da mataimaka da zai jingina da su. Ita kuwa ita kaɗai ce, tana amsa tambaya tana goge majina tana kallon tukunya, kuma wurin da ake yanke mata hukunci shi ne ɗakin da take kwana.

An kuma taɓa yin abin da ya wuce hankali. A 2009 aka gaya wa wasu 'yan sanda mata biyu, ƙawayen juna da ke karɓa-karɓar riƙe wa juna 'ya'ya, cewa abin da suke yi ya saɓa doka tunda ba su da rajista, wai riƙon da kowace ke yi wa ɗayar shi ne ladan. Sai da jama'a suka yi ca kafin gwamnati ta gyara, aka cire irin wannan taimakon na ƙawaye da ba kuɗi a ciki.

Mafi muni shi ne abin da ya faru da Ruth Perry, shugabar wata firamare a garin Reading, wadda ta kashe kanta a watan Janairun 2023 bayan an sauke makarantarta daga matakin ƙoli zuwa na ƙasa. A watan Disamban shekarar, mai binciken musabbabin mutuwa ta ce duban da aka yi ya taimaka wajen rasuwarta. Ba mai raino ba ce, amma hukumar ɗaya ce, kuma a wancan lokacin kalma ɗaya tilo da ake liƙa wa mutum ita ce dai ake liƙa wa masu raino. Wannan ya girgiza ƙasar. A watan Satumban 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya ga makarantun gwamnati, sannan daga Nuwamban 2025 aka koma wani sabon tsari na katin rahoto, inda ake auna fannoni daban-daban a kan matakai biyar, batun kare yara kuma a ce an cika ko ba a cika ba.

To me zan ce da wannan? Zan ce a gyara sufeto, kada a kore shi. Dalilina shi ne, a duk cinikin duniya mai saye yana iya yin ƙorafi. In tela ya ɓata maka ɗinki za ka koma. In mai abinci ta zuba maka gishiri za ka canza wuri. Amma a sana'ar raino, wanda ake yi wa aikin bai iya magana ba. Ɗan wata tara ba zai dawo gida ya ce yau an bar ni ina kuka awa biyu an tafi kallon fim ba. Uwarsa na ganin ƙofar gida ne kawai da safe da yamma. Tsakanin ƙarfe takwas zuwa biyar, babu shaida sai Allah. Sufeto, da duk aibinsa, shi ne mutumin da doka ta ba izinin tsallake wannan ƙofa a madadin yaron. Ba kullum yake zuwa ba, shekaru ne ke shiga tsakanin zuwa da zuwa. Amma sanin cewa zai iya zuwa, da sanin cewa ba za a ba ki wata guda ki shirya wasan kwaikwayo ba, shi ne ke sa littafin magani ya zama ana cike shi a ranar da aka ba da maganin.

Kuma in ka duba da idon basira, tsarin gajeren wa'adi ya fi yi wa mai gaskiya adalci. Da ana ba da wata uku, mai kuɗi ce za ta ci, ta sayo kayan wasa na gani na faɗa, ta ɗauko wanda zai rubuta mata fayil. Da yake kwana biyar ne, wadda ke da kwali da cokula da tsofaffin gwangwanaye amma ta san yaranta ciki da bai, ita ce a gaba. Shawarar da tsofaffin masu sana'ar ke ba sababbi ma ke nan: kada ki ƙirƙiro sabon abu ranar. In kullum ƙarfe goma kuke fita filin wasa, ku fita, sufeto ya biyo ku. In kika kawo wani wasa da yaran ba su taɓa gani ba, su ne za su fara tona ki. Yaro ba ya rufa wa kowa asiri. Zai dubi baƙon ya ce, yau ne kawai aka ba mu wannan.

Kafin in rufe, ba zan iya yin kamar ban ga gida ba. A Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, ma'aikatan banki, da malaman jinya, da ɗalibai 'yan'uwanmu masu goyo, kullum suna ajiye jarirai a gidajen raino na cikin unguwa. Da yawan matan nan masu riƙon amana ne, wasu ma sun fi uwa haƙuri. Amma wa ya taɓa ƙirga yara nawa ke ɗaki ɗaya? Wa ya tambayi su wane ne samarin da ke shiga suna fita a gidan? Muna da dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, ba takarda muka rasa ba. Abin da muka saba shi ne mu farka bayan ta'adi. A farkon 2022, bayan kisan wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano, wanda daga baya kotu ta samu mai makarantarsu da laifi, gwamnatin jihar ta soke lasisin makarantun kuɗi gaba ɗaya domin a sake tantance su. An yi abin da ya kamata, amma bayan an yi jana'iza.

Ban ce a kwaso tsarin Ingila a juye mana shi yadda yake ba, aljihunmu da zamanmu ba ɗaya ba ne. Amma tambayoyin sufeton ba su da biza, kowa na iya yin su. Kai da ke kai ƙanenka ko ɗan yayarka gidan raino a kan babur da safe, ka taɓa shiga ciki? Gobe ka shiga. Ka ƙirga yaran, ka ƙirga manyan. Ka duba inda aka ajiye kalanzir da fiya-fiya. Ka ga ko rijiya na da murfi. Ka tambaya cikin ladabi, Hajiya, in yaro ya shaƙe da abinci me ake yi masa? In jikinsa ya yi zafi wa ake kira? Wata rana kuma ka je ɗaukar sa da azahar ba tare da ka sanar ba. Mai gaskiya ba za ta ji haushi ba, za ma ta ji daɗi an san darajar aikinta.

Ke kuma da ke can kina jiran wayar Ofsted, ga abin da zan ce miki. Ki duba ranar da satifiket ɗinki na agajin gaggawa zai ƙare, yau ba gobe ba. Ki cike littafin yau a yau. Ki zauna ki tambayi kanki abin da kowane yaro ya iya a wannan watan wanda bai iya ba a watan jiya. In kin yi haka, ranar da wayar ta shigo abin da ya rage miki bai wuce shara da dafa shayi ba. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba masu riƙon su ikon riƙe amana.